Jirgin sama da kayan jikinsa: tambayoyin da fasinjoji suka fi yi

Duk lokacin da jigilar alhazai ta matso, ko wani ɗan uwa zai hau jirgi karon farko, tambayoyi iri ɗaya ne suke zuwa mini, tunda an san na yi shekaru a rumfar gyaran jirage. Ga su nan na tattara wuri ɗaya, daga masu sauƙi zuwa masu zurfi. Abin da ke tayar wa fasinja hankali, wato girgiza da ƙara da rawar fiffike, ba shi ne ke hana makaniki barci ba. Shi hankalinsa yana kan noti da giris da iskar taya, kuma a kansu zan fi daɗewa.

Yaya ƙarfe mai nauyi haka yake tsayawa a sama?

Ka miƙa tafin hannunka ta tagar mota tana gudu, ka ɗan karkata shi sama, za ka ji iska ta ɗaga shi. Aikin fiffike ke nan. An ƙera shi yadda zai riƙa danna iska ƙasa, matsin iskar da ke samansa ya ragu, na ƙarƙashinsa ya fi yawa, sai jirgi ya ɗagu. Inji tura jirgi gaba kawai yake yi, ɗagawa ta fiffike ce. Shi ya sa sai jirgi ya yi gudu a kan titinsa har ya kai wajen kilomita 250 zuwa 290 a awa kafin ya ɗaga hanci. Airbus A380, wanda ya fi kowane jirgin fasinja girma, yana tashi da nauyin da ya kai tan 575 a kan wannan ƙa'idar.

Iska mai zafi ba ta da kauri kamar mai sanyi, saboda haka fiffike da inji duk ƙarfinsu yana raguwa a tsakar rana lokacin bazara. A garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Yamai, lissafin nauyin da za a ɗauka yana tafiya ne da zafin ranar. Idan aka ce an rage kaya za su biyo baya, sau da yawa daga nan ne.

Mene ne waɗannan faifan da ke fitowa daga fiffike lokacin tashi da sauka?

Na bayan fiffike da ke zamewa su sunkuya ƙasa, da na gabansa da ke ɗan turowa, suna ƙara masa faɗi da lanƙwasa ne don ya iya ɗaukar jirgi da ƙaramin gudu. Idan jirgi ya yi nisa a sama sai a mai da su. Waɗanda ke miƙewa tsaye a saman fiffike da zarar taya ta taɓa ƙasa, aikinsu kashe ɗagawar, don nauyin jirgi ya zauna a kan tayoyi birki ya kama. Na can ƙarshen fiffike su ke karkata jirgi dama ko hagu, na wutsiya kuma su ke ɗaga hanci ko sauke shi. Mafi yawansu man haidirolik ne ke motsa su, kuma layukan man ba ɗaya ba ne, biyu ne ko fiye, kowanne da famfonsa.

Na ga fiffike yana lanƙwasa kamar zai karye. Lafiya kuwa?

Lafiya lau. Da gangan aka yi shi haka, domin abin da ba ya lanƙwasa shi ke karyewa. Kafin a ba sabon samfurin jirgi izinin ɗaukar mutane, sai an ɗaure shi a masana'anta an ja fukafukansa da ƙarfin da ya ninka mafi munin abin da ake zaton zai haɗu da shi a sama sau ɗaya da rabi. A gwajin Boeing 787 a 2010, ƙarshen fiffiken ya ɗagu wajen mita 7 da rabi bai karye ba. Rawar da kake gani ta taga ba ta kai ko kusa da haka ba. Cikin fiffiken nan kuma tankin mai ne, nauyin man yana taimakawa wajen rage lanƙwasar.

Gargadar iska tana iya kayar da jirgi?

Babu wani rami a sama da jirgi ke faɗawa, ko da yake cikin mutum haka yake gaya masa. Iska ce ke motsi sama da ƙasa kamar igiyar ruwa. Ƙasa mai zafi tana tura iska sama, shi ya sa tashin la'asar ya fi na asuba jijjiga. Hadari yana haddasa ta, duwatsu ma haka, sai kuma wasu igiyoyin iska masu tsananin gudu da ke can sama inda jirage ke bi. Na'urar hangen yanayi da ke hancin jirgi tana ganin ruwan da ke cikin gajimare, matuƙi ya kauce masa. Gargadar da ke zuwa cikin sararin da babu gajimare ita ce ba a gani, ba ta sallama.

Jikin jirgi yana ɗauke ta, kamar yadda na faɗa a amsar lanƙwasar fiffike. Wanda ke jin jiki shi ne mutumin da bai ɗaura bel ba. A ranar 21 ga Mayu 2024 jirgin Singapore Airlines da ya taso daga Landan ya shiga mummunar gargada a sararin Myanmar. Mutane sun bugi rufin jirgi, da dama sun ji rauni, fasinja ɗaya ya rasu, jirgin kuma ya sauka a Bankok da ƙafafunsa. Don Allah in kana zaune ka bar bel ɗinka a ɗaure, ko da fitilar ta mutu. Tsofaffinmu da ke tafiya aikin hajji a riƙa duba musu, da yawa ba su san yadda ake ɗaure shi ba kuma kunya ba ta barin su tambaya.

Jim kaɗan bayan tashi sai na ji ƙarar inji ta ragu. Mutuwa ya yi?

A'a. Ƙarfin da ake tashi da shi ba a daɗewa a kansa, don yana gajiyar da inji. Da an kai ƙafa 1,000 zuwa 1,500 sai a rage zuwa ƙarfin hawa. Dum ɗin da kake ji a ƙarƙashin ƙafarka tayoyi ne suka shige ɗakinsu ƙofa ta rufe. Akwai kuma wata ƙara mai kama da haushin kare da ake ji a jiragen Airbus A320 idan suna ƙasa: wata na'ura ce da ke daidaita ƙarfi tsakanin layukan haidirolik biyu, musamman idan inji ɗaya ne ke aiki.

To idan injin ya mutu da gaske fa?

Duk jirgin fasinja mai inji biyu an ƙera shi ya iya ƙarasa tashi, ya hau sama, ya sauka da inji ɗaya, kuma matuƙa suna maimaita wannan atisayen a na'urar koyon tuƙi a kai a kai. Ko duka biyun suka tsaya, jirgi ba ya faɗowa kamar dutse, saukowa yake a hankali yana tafiya gaba. Daga tsawon kilomita 10 yana iya cin fiye da kilomita 100. A jirage da yawa wata 'yar farfela tana fitowa daga cikinsa, iska ta juya ta, ta ba da ɗan ƙarfin da za a riƙe sitiyari da shi.

An gani a zahiri. A watan Agusta 2001 jirgin Air Transat, Airbus A330 ɗauke da mutum 306, mai ya ƙare masa a tsakiyar tekun Atlantika, ya yi ta shawagi ba inji har ya sauka a tsibiran Azores, ba wanda ya rasu. Abin da ya zubar da man shi ne wani kayan gyara da aka ɗaura wanda bai dace da injin ba, bututu biyu suka riƙa gogar juna har na mai ya fashe. A Janairu 2009 kuma garken dinya ya shiga injinan wani A320 a New York, matuƙin, Chesley Sullenberger, ya sauke shi a kan kogin Hudson, mutum 155 duka suka tsira. Wannan ne dalilin da ya sa juji da mahauta kusa da filin jirgi suke da haɗari: suna tara shirwa da ungulu a daidai hanyar tashi.

Wane irin mai jirgi yake sha?

Kananzir ne da aka tace sosai, sunansa Jet A-1. An zaɓe shi don ba ya saurin kamawa da wuta kamar fetur, kuma ba ya daskarewa sai sanyi ya kai digiri 47 ƙasa da sifiri. Babban abokin gabarsa ruwa ne. Akan tsiyayi kaɗan daga ƙasan tanki a cikin kwalba mai haske a ɗaga a duba, tunda ruwa ya fi mai nauyi, a ƙasa yake kwanciya.

Me ya sa ake yawan magana a kan tayoyi?

Tayar jirgi tana ɗauke da iska wajen ninki shida na tayar mota, kusan awo 200 a gejin da mai faci ke sa wa mota 32. Iskar naitirojin ake hura mata, don ba ta da danshi kuma ba ta ciyar da wuta. Tayar da iskarta ta yi ƙasa ba a gane ta da ido, saboda 'yar uwarta da ke gefe tana ɗauke mata nauyi. Sai an sa geji. Idan aka bar ta haka, ita tana murɗewa tana zafi, 'yar uwar kuma tana ɗaukar kayan da ya fi ƙarfinta.

Mu nan ba labari aka ba mu ba. A ranar 11 ga Yuli 1991 wani jirgi samfurin DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada, wanda ke jigila da sunan Nigeria Airways, ya tashi daga Jidda zai kai alhazai Sakkwato. Tayoyinsa biyu ba su da isasshiyar iska. Bincike ya nuna an san da haka, an nemi naitirojin ba a samu nan take ba, aka zaɓi a tafi don kada a makara. Tayoyi biyu suka fashe tun jirgin yana gudu a kan titi, ƙarfen ya riƙa gogar ƙasa har wuta ta kama, aka naɗe tayoyin cikin jirgi da wutar a jikinsu. Matuƙan sun juyo amma ba su kai titin sauka ba. Mutum 261 ne a ciki, babu wanda ya fita. Allah ya jiƙansu da rahama. Duk sanda na durƙusa gaban taya da geji a hannu, wannan jirgin yana raina.

Noti ɗaya har ya isa ya jawo haɗari?

Boeing 747 yana da sassa wajen miliyan 6, kusan rabinsu notuna ne da ƙusoshin ribit. Kowanne da lambarsa a littafin gyara, da irin ƙarfen da aka yi shi, da iyakar ɗaurin da za a yi masa. Ba a ɗaure noti da ƙarfin dantse. Akwai sifana mai awo wadda ke yin ƙas idan an kai adadin, ita kanta ana kai ta gwaji lokaci zuwa lokaci. Bayan an ɗaure sai a zura siririyar waya ta ramin da ke kan notin, a murɗa ta kamar kitso, a ɗaure ta yadda in notin ya so kwancewa wayar za ta ƙara tamkewa. A wurare masu haɗari, kamar igiyoyin sarrafa jirgi, mutum na biyu ne zai zo ya duba ya sa hannu. Kayan aiki ma ƙirga su ake yi. Na taɓa ganin an hana jirgi fita har tsakar dare saboda ƙaramar sifana ɗaya ba ta koma gurbinta a akwati ba, muka bi da tocila lungu-lungu har aka same ta.

A watan Yuni 1990 gilashin gaban wani jirgin British Airways ya fice a tsawon ƙafa 17,000, iska ta zuƙe kyaftin ɗin har rabin jikinsa yana waje. Ma'aikata suka riƙe ƙafafunsa fiye da minti 20 har mataimakinsa ya sauka a Southampton, kuma ya rayu. Da aka bincika, cikin notuna 90 da aka ɗaure gilashin da su, 84 sun gaza kauri da abin da bai kai milimita ɗaya ba, sauran shidan kuma gajeru ne. Wanda ya canza su da dare ya gwada su ne da ido, bai buɗe littafi ba. A Janairu 2024 wani murfin ƙofa ya fice daga sabon Boeing 737 MAX 9 na Alaska Airlines bayan tashi daga Portland, aka gano notuna huɗu da ke riƙe shi ba a mai da su ba tun daga masana'anta.

Giris ma haka. A Janairu 2000 wani jirgi samfurin MD-83 na Alaska Airlines ɗin ya faɗa teku kusa da Kalifoniya da mutum 88, saboda wani dogon ƙarfe mai zare da ke motsa wutsiya ya bushe ba giris har zarensa ya cinye.

Ana sa wa jirgi kayan gyara na hannu ko na jabu?

Na hannu ana sawa, kuma halal ne a doka, matuƙar an gyara shi a wurin da ke da lasisi kuma ya zo da takardar shaidarsa. A wannan sana'a takarda rabin kaya ce: daga ina ya fito, awa nawa ya yi, wa ya gyara shi. Kayan da ba takarda, ko a leda yake sabo fil, ba ya hawa jirgi. Wasu sassan inji da na ƙafafun sauka suna da adadin tashin da aka yanka musu, in sun cika sai a cire su a lalata, ko da ido yana ganin lafiyarsu ƙalau.

Jabu kuwa akwai shi, kuma ya taɓa kisa. A Satumba 1989 jirgin Partnair da ya taso daga Oslo ya tarwatse a gaɓar Denmark da mutum 55, bincike ya gano uku daga cikin notuna huɗu da ke riƙe wutsiyarsa na jabu ne. A 2023 ma an gano wani dillali a Landan yana sayar da kayan injin jirgi samfurin CFM56 da takardun bogi, kamfanoni da dama suka sauke injina suna bincike.

Tsohon jirgi ya fi haɗari?

Shekaru ba su ne ma'aunin farko ba. Abin da ake ƙirgawa shi ne sau nawa ya tashi ya sauka, domin duk tashi ana hura cikinsa da iska ya ɗan kumbura, in ya sauko ya saki. Ka lanƙwasa waya gaba da baya sau da yawa, ka san ƙarshenta. Haka ƙarfe ke gajiya, tsaga ta fara daga bakin ramin ƙusa ko kusurwa mai kaifi. An koyi wannan da tsada a 1954, lokacin da jiragen Comet biyu na Ingila suka tarwatse a sama kusa da Italiya. Tun daga nan ake zagaye kusurwar taga da ƙofa. A 1988 kuma rufin wani Boeing 737 na Aloha Airlines ya yaye a Hawaii bayan ya yi tashi wajen 89,000 a iskar teku mai gishiri. Ma'aikaciya ɗaya ta rasu, jirgin ya sauka.

Saboda haka ake da gyara hawa-hawa, daga dubawar kullum zuwa babban gyaran da ake yi duk bayan shekara shida zuwa goma, inda ake kwashe kujeru da bene da bango a bi ƙarfen da na'urar gano tsaga. Jirgi mai shekara 25 da aka bi wa wannan tsarin ya fi mini sabon da ake yi wa ha'inci a littafi.

Wani zai iya buɗe ƙofa a sama? Kuma me ya sa kunne ke toshewa?

A can sama ba zai iya ba. Iskar cikin jirgi tana danna ƙofar a gurbinta da ƙarfin da ya wuce tan 5 a kan kowace murabba'in mita. Jirgi yana tafiya a ƙafa 35,000, amma cikinsa ana riƙe shi kamar kana kan tudu mai ƙafa 6,000 zuwa 8,000. Canjin matsin nan lokacin hawa da sauka shi ke toshe kunne. Haɗiyar yawu ko hamma tana buɗe shi, jariri kuma a ba shi nono.

In matsin ya zube, abin shaƙar iska zai faɗo gabanka. Ka fara sa naka kafin na yaro, don a wannan tsawon abin da bai wuce minti ɗaya ba ne mutum ke da shi kafin hankalinsa ya gushe. Iskar tana kai minti 12 ko fiye, wanda ya ishi matuƙi ya sauko ƙafa 10,000 inda ake numfashi ba taimako.

Tsawa tana faɗa wa jirgi?

Tana faɗawa, kusan sau ɗaya a shekara ga kowane jirgin da ke aiki kullum. Wutar tana bin fatar jirgin ta waje ta fita ta wutsiya ko ƙarshen fiffike. Bayan an sauka mukan bi jikin mu nemo inda ta shiga da inda ta fita, yawanci ɗan tabon ƙuna ne kamar kan ashana.

Me ya sa hazo ke hana tashi alhali jirgi yana da na'urori?

Ƙurar hunturu, wadda yawancinta ke tasowa daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, takan rufe Kano da Kaduna da Maiduguri har gani ya gaza 'yan ɗaruruwan mita. Akwai na'urar da ke ƙasa mai jagorantar jirgi zuwa bakin titi, amma darajarta hawa-hawa ce. A matakin farko, idan jirgi ya sauko ƙafa 200 dole matuƙi ya ga titi ko fitilunsa da idonsa, kuma gani a kan titin kada ya gaza mita 550. Sauka cikin abin da ya fi haka duhu tana buƙatar na'ura mai daraja ta sama a filin, da jirgin da aka shirya don haka, da matuƙin da ke da horon. In ɗaya ya ɓace, sai jira.

Idan ka ji jirgi ya kusa taɓa ƙasa sai inji ya yi ruri ya sake hawa, fasa sauka aka yi. Abu ne da aka tsara tun kafin a fara saukowa, kuma akwai man da aka ware don shi da na zuwa wani filin.

Mene ne baƙin akwati?

Biyu ne, kuma ruwan lemo ne launinsu don a gan su cikin tarkace. Ɗaya yana naɗar maganar matuƙa, ɗayan yana naɗar gudu da tsawo da halin injina da ɗaruruwan bayanai. A wajen wutsiya ake ajiye su, an kuma yi su su jure wutar digiri 1,100 na awa guda. Na jirgin Air France da ya faɗa Atlantika a 2009 sai a 2011 aka ciro su daga zurfin kusan mita 4,000, kuma aka karanta su. Su suka nuna cewa 'yan bututun auna gudu ne ƙanƙara ta toshe, matuƙan suka ɗaga hanci fiye da kima har fiffike ya daina ɗauka. A Najeriya hukumar NSIB ce ke irin wannan binciken.

An ce jirginmu yana da 'yar matsala, ana gyara. In hau ko in fasa?

Kowane jirgi yana da littafin da hukuma ta amince da shi, wanda ya jera abin da za a iya tafiya ba shi, da kwana nawa, da sharaɗin da za a cika. Fitilar karatu ko injin dafa shayi ba sa tsai da tafiya. Wani abin kuma in ya lalace ko shugaban kamfani ne a ciki jirgi ba ya motsi. Idan aka ce ana jira, ga abin da ke faruwa a ƙasa: an rubuta matsalar a littafin jirgi, an buɗo shafin gyaranta, an aika sito a kawo kayan da takardarsa, an ɗaura, an gwada. Daga nan injiniya mai lasisi zai sa hannu da lambarsa, ya kai wa kyaftin, shi ma ya karanta ya amince ko ya ƙi. Canza taya ɗaya, irin wadda na yi bayani a sama, yakan ci kamar minti 30 zuwa awa guda idan tayar tana kusa, in kuma birki ya yi zafi sai an jira ya huce kafin a taɓa shi. Idan ka ga an kira ku shiga, sa hannun nan biyu sun riga sun hau takarda.